Ɗiban ruwan ƙwaƙwalwar ɓera don binciken gubar dalma: amsa ga ɗalibi daga Gusau

Wani ɗalibi ya aiko da wannan tambaya: "Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina digiri na biyu a nan Gusau, aikina a kan yadda gubar dalma ke taɓa ƙwaƙwalwa. Ina ba fararen ɓeraye jinsin Wistar dalma a ruwan sha, ina so in ɗebi ruwan ƙwaƙwalwarsu in auna. Duk ɗiban da na yi, ko dai ruwan ya ƙi fitowa, ko ya fito da jini. Ta ina ake shiga, nawa ake iya samu, kuma wanda ya ɗan yi ja zan iya amfani da shi?"

Amin, ɗana, Allah ya yi wa karatu albarka. Bari in fara da ƙarshen tambayarka, domin a kansa aikin naka zai tsaya ko ya rushe. Ruwan da ya yi ja, ko yaya jan yake, kada ya shiga lissafinka na dalma.

Ga dalili. Kusan kashi 99 cikin 100 na dalmar da ke yawo a jini tana maƙale ne a cikin jajayen ƙwayoyin jini. Ɗan abin da ya rage a ruwan jinin, shi ne ke iya tsallakawa zuwa ruwan ƙwaƙwalwa, wato ruwan nan garau da ke kewaye da ƙwaƙwalwa da laka, shi ya sa dalmar da ke can ba ta taka kara ta karya ba idan aka gwada ta da ta jini. Mu ɗauki misali don lissafi kawai. A ce ɓeranka yana da maikirogiram 50 na dalma a kowace desilita ta jini, ruwan ƙwaƙwalwarsa kuma yana da 0.2. Idan jini maikirolita 1 (kashi ɗaya cikin dubu na mililita) ya faɗa cikin samfur mai maikirolita 100, ya ƙara masa 0.5, wato baƙon ya ninka mai gida fiye da sau biyu. Ko da kashi ɗaya cikin dubu ne ya shiga, wanda ido zai gani a matsayin ɗan dishi-dishin ja, ya ƙara 0.05, rubu'in abin da kake nema ke nan.

Abin da ya fi damuna a nan shi ne, wannan kuskure ba ya raba kansa daidai tsakanin ɓerayenka. Waɗanda ba ka ba dalma ba, jininsu kusan babu dalma, saboda haka ko jini ya shiga samfurinsu, awon ba zai motsa sosai ba. Waɗanda ka ba kuwa, kowane ɗigon jini zai ɗaga nasu sama. A ƙarshe za ka ga bambanci mai kyau a takarda, malamai su sa hannu, alhali rabinsa aikin allurarka ne. Mu kuwa a Zamfara wannan ba batun cika takarda ba ne. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda ƙurar dutsen zinare mai ɗauke da dalma da ake niƙawa a cikin gidaje, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka auna, dalmar jininsu ta zarce maikirogiram 65 a desilita, iyakar abin da ƙaramin injin awo na tafi-da-gidanka ke iya karantawa. Waɗanda suka rayu suna nan sun girma tare da abin da dalmar ta bari. Duk lambar da za ta fito daga ɗakin gwajinmu da sunan wannan cuta, ya kamata ta zama ta gaskiya.

Batun yawa kuwa, ka rage buri. Mutum yana da kimanin mililita 150 na wannan ruwa, shi ya sa likita ke iya cika ƙananan kwalabe idan ya ɗebi ruwan bayan mai sanƙarau. Babban ɓera duka-duka abin da yake da shi bai wuce maikirolita 150 zuwa 300 ba, yana kuma samar da 2 zuwa 3 a minti ɗaya. Daga ɓera mai giram 250 zuwa 300, hannun da ya ƙware yana samun 50 zuwa 100 mai tsabta, ɗigo ɗaya ko biyu ke nan. Idan ɓeran ba zai farka ba ana iya kaiwa 150, amma ƙarshen ɗiba shi ne inda jini ya fi shigowa. Tamkar rijiya ce a ƙarshen rani: wanda ya haƙura da rabin guga ya sha garau, wanda ya dage sai ya cika ya tayar da taɓo.

Ba ka faɗa mini yadda kake kwantar da ɓeran ba, amma ina zargin nan ne rabin matsalarka. A ɗakunan gwaji da dama an saba jefa ɓera cikin kwalbar kulorofom, ko a karya masa wuya, sannan a fara ɗiba. Karya wuya yana yaga wurin da za ka shiga, ya cika shi da jini. Ɓeran da zuciyarsa ta tsaya kuma, ƙarfin da ke turo ruwan ya faɗi, sai ka soka ka ji shiru. Kulorofom guba ne ga hantar dabba da ta mai aiki, an daɗe ana hana amfani da shi. Ana ɗiban ruwan ne ɓera yana da rai, yana cikin barci mai nauyi. Inda ake da injin aisofuloren, wato maganin sa barci da ake shaƙa, ana farawa da kashi 4 zuwa 5 cikin 100, a riƙe shi a 2 ko kusa da haka. Inda babu, ana haɗa ketamin miligiram 80 zuwa 100 da zailazin miligiram 5 zuwa 10 a kowane kilo na nauyin ɓera, a yi allurar a kogon ciki. Ketamin magani ne da hukuma ke sa wa ido, ta hannun likitan dabbobi za ka samu, shi ne kuma ya kamata ya duba maka lissafin. Kafin ka taɓa fata, ka matse tafin ƙafar baya da ƙarfi. In ya janye, bai yi ba tukuna. Ka shafa masa man ido don ba ya ƙiftawa, ka shimfiɗa masa abu mai ɗumi musamman da hunturu, domin ɓera mai barci zafin jikinsa yana zubewa da sauri. Ka kuma sani zailazin yana ɗaga sukarin jini, sukarin ruwan ƙwaƙwalwa kuma na jini yake bi, to in sukari na cikin abin da za ka auna, wannan haɗin zai ruɗe ka.

Wurin shiga sunansa sistana magna. Wani ɗan kogo ne a ƙeya, ƙarƙashin ƙaramar ƙwaƙwalwa ta baya, a saman gindin ƙwaƙwalwa inda ta haɗu da laka. Daga waje, tantani guda ne ya rufe shi, wanda ya shimfiɗu tsakanin ƙashin ƙeya da ƙashin wuya na farko. Idan kan ɓera yana miƙe, ƙasusuwan nan biyu suna kusan haɗuwa, ƙofar ta tsuke. Sai an sunkuyar da kan sannan ta buɗe, tantanin ya ɗame. Yawancin masu cewa ruwa ya ƙi fitowa, kan ne ba su sunkuyar ba. Ka aske ƙeyar, ka goge da aidin, ka ɗora shi a firam ɗin da ke riƙe kai ta kunnuwa, ka sauke hancin ƙasa kamar digiri 45. In ba ku da firam, abokin aiki ya riƙe kan a bakin wani ɗan katako, jikin na sama, kan na lilo ƙasa, amma ya kula kada ya danne maƙogwaro. Ka bi da ɗan yatsa daga tudun ƙeya zuwa ƙasa, za ka ji wani ɗan loko kafin ka tarar da ƙashin wuya. Tsakiyar lokon nan ita ce ƙofarka.

Hanya ta farko ita ce sokawa ta fata ba tare da yanka ba. Ka samu allura mai fukafukai, irin wadda ake sa wa jarirai ruwa, lamba 25 ko 27, ka haɗa siririn bututunta da sirinji mai mililita 1. Ka shiga daidai tsakiya, a hankali, da zarar bakin allurar ya wuce fata wani ya ɗan ja sirinjin kaɗan ya riƙe. Za ka ji ɗan tauri, sannan ka ji ya saki, sai ka ga ruwa garau ya hau bututun. Nan take ka tsaya, kada ka ƙara ko rabin milimita. A babban ɓera zurfin yana wajen milimita 5 daga fata, amma wannan yana bin girman dabba, don haka ka auna a gawar ɓera mai girman naka, ka yanka guntun roba ka zura a jikin allurar ta zama birki. In ka zarce, gindin ƙwaƙwalwa ka soka, nan ne kuwa cibiyar numfashi. In ka karkace gefe, jijiyar jini ka samu. Amfanin dogon bututun shi ne kana ganin abin da ke tahowa tun daga nesa. Ka riƙe ɗan hantsaki a kusa. Da ka hango ja a bakin allura, ka matse bututun a gaban jan, ka yanke shi da almakashi, ka juye mai tsabtar da ya riga ya wuce. Ja a hankali ƙwarai. Jan sirinji da ƙarfi yana janyo tantanin ciki ya toshe bakin allura, ko ya fasa ƙananan jijiyoyi.

Hanya ta biyu, wadda nake ba ka shawara tunda dalma kake nema kuma a ƙarshen gwaji za ka ɗiba, ita ce ka buɗe ka gani da idonka. Ka tsaga fata a tsakiya daga tudun ƙeya zuwa ƙasa kamar santimita 2. Naman wuya kada ka yanka shi, ka raba shi ta layin tsakiya da bakin hantsaki marar kaifi, ka ja kowane ɓari gefe, har tantanin ya bayyana yana ɗan sheƙi. Sai aikin da masu gaggawa ke tsallakewa: ka tsayar da duk wani jini da ke tsatsowa daga naman, ka goge tantanin da auduga a tsinke har ya bushe ƙarau. Jinin da ke lalata samfur sau da yawa daga waje allura ke shiga da shi. Da haske mai kyau da gilashin ƙara girma, za ka hango jijiyoyin da ke ƙarƙashin tantanin, sai ka kauce musu. Ka soka da allura lamba 30, a kwance-kwance, zurfin kamar milimita 1 kawai. Wannan hanya ta fi cin lokaci, amma ta fi ba sabon hannu ruwa mai tsabta.

Akwai masu shiga ta ƙugu, tsakanin ƙashin baya na 5 da na 6 na yankin, inda jelar ɓera ke ɗan harbawa idan allura ta isa. Ta fi dacewa da zuba magani. Ruwan da take bayarwa kaɗan ne. Akwai kuma dasa bututu na dindindin don ɗiba a kai a kai, amma yana son tiyata mai tsabta ƙwarai, yana toshewa, yana kuma tayar da kumburi. Ba ka buƙatar su a wannan aiki.

To ruwa ya fito, ya yi maka kama da garau. Ido ba shaida ba ne a ɗigo biyu. Ka cire maikirolita 10 ka zuba a gilashin ƙirgar ƙwayoyi na Neubauer, wanda kowane ɗakin awon jini ke da shi, ka ƙirga jajayen ƙwayoyi a maikiroskop. Jinin ɓera yana da ƙwayoyi miliyan 7 zuwa 9 a maikirolita ɗaya. In ka raba abin da ka ƙirga a samfur da abin da ke jinin ɓeran, ka san kason jinin da ya shiga; ka ninka shi da dalmar jininsa, ka san iyakar abin da jinin zai iya ƙarawa. Ka yi amfani da ƙirgar jinin wannan ɓeran kansa, domin dalma tana kawo ƙarancin jini. Kuma tun kafin ka fara aiki, ka rubuta adadin ƙwayoyin da in samfur ya wuce shi za ka jefar, ka nuna wa mai duba aikinka ya sa hannu. Wanda ya bari sai ya ga sakamako sannan ya zaɓi na jefarwa, zuciyarsa za ta zaɓar masa ba tare da ya sani ba. Zai fi kyau ma mai ƙirgar kada ya san rukunin da ɓeran ya fito.

Sauran ruwan ka ɗora a ƙanƙara, ka juya shi a santirifuj, injin da ke wulwula samfur, a ƙarfin 2,000 g na minti 10, da sanyi in akwai, cikin rabin sa'a da ɗiba. Ƙwayoyin da ba su fashe ba za su kwanta a ƙasa tare da dalmarsu, ka kwashe na sama. Kada ka kuskura ka daskarar da samfur kafin ka juya shi. Daskarewa tana fasa ƙwayoyin, dalmar ta bazu cikin ruwan, babu injin da zai sake raba su. In ka juya kuma ka ga na saman bai washe ba, ƙwayoyin sun riga sun fashe, wannan samfur ya tafi.

Jini ba shi kaɗai ke kawo dalmar bogi ba. Abin da kake nema ƙanƙani ne har ƙurar da ta sauka a bakin kwalba tana iya fin shi. Da hunturu ƙura ba ta neman izini, iskar kuma busasshiya ce, ɗigo biyu a buɗaɗɗiyar kwalba suna ƙafewa su ƙara kauri, don haka rufewa nan take. In a sashenku akwai mai aiki da ƙasa ko dutse daga wuraren haƙar zinare irin su Bagega, kada ku haɗa ɗaki, kada ku haɗa teburi, kada ku haɗa ma'auni. Haka ɗakin da kake dama ruwan dalmar ɓeraye, ba nan za ka buɗe samfur ba. Kwalabenka su zama na roba nau'in polifurofilin, a jiƙa su kwana ɗaya a ruwan asid na naitirik kashi 10 cikin 100, a ɗauraye da tataccen ruwa na ɗakin gwaji. Kowace ranar ɗiba, ka zuƙi tataccen ruwa ta irin allurar da bututun da kwalbar, ka ajiye shi kamar samfur, a auna shi tare da sauran. In wannan ya nuna dalma, ka san daga kayan aiki take.

Ka kuma tambayi inda za a auna maka tun yanzu, kafin ka taɓa ɓera ko ɗaya. Injin awon ƙarafa mai amfani da harshen wuta, wanda ya fi yawa a jami'o'inmu, ba ya ganin dalma a wannan ƙanƙanta, yana kuma shan mililita guda ko fiye. In aka tsarma ɗigonka biyu da ruwa don ya ishe shi, duk lambar da ya bayar hayaniyar inji ce. Kana buƙatar mai murhun girafait, wanda maikirolita 10 zuwa 20 ke isar sa a zubi ɗaya, ko wani injin awon ƙarafa da ake kira ICP-MS. Ka nemi su faɗa maka mafi ƙanƙantar abin da injinsu ke iya gani, a rubuce. Sannan ka yi kasafin ruwan: 10 na ƙirga, kamar 40 na dalma sau biyu, abin da ya rage na awon furotin da zan yi maka bayaninsa a gaba. In ruwan ya gaza har ka haɗa na ɓeraye uku wuri ɗaya, a lissafi samfur ɗaya ne, ba uku ba.

Batun wuta, akwai sauƙi ta gefe ɗaya. Dalma ƙarfe ce, ba ta ruɓewa; in kwalba ta rufu gam, firiza ta gida ta isa, narkewa ɗaya ba za ta kashe ta ba. Furotin ne ba ya jure narkewa da sake daskarewa, shi yake son firiza mai digiri 80 ƙasa da sifili ko tulun naitirojin mai ruwa, irin wanda masu yi wa shanu baye da allura ke ajiye maniyyi a ciki. Saboda haka ka raba samfur gida biyu tun ranar farko.

Yanzu ga ra'ayina a kan tsarin aikin gaba ɗaya. In tambayarka ita ce nawa dalma ta isa ƙwaƙwalwa, ruwan nan shi kaɗai raunannen shaida ne, naman ƙwaƙwalwar ya fi shi faɗin gaskiya. Inda ruwan ya yi fice shi ne wajen nuna lafiyar masaƙar da ke samar da shi, wato koroyid filesus, tarin ƙananan jijiyoyin da ke cikin kogunan ƙwaƙwalwa. Wannan wuri yana tsotse dalma yana tarawa, kuma bincike a kan ɓeraye ya nuna shan dalma na tsawon lokaci yana rage wani furotin mai suna tiranstairetin a ruwan, wanda koroyid ɗin ke ƙerawa kuma yake ɗaukar sinadarin tayiroyid. In ka auna wannan tare da dalmar jini da ta nama, aikinka ya faɗi abin da awon dalma kaɗai ba zai faɗa ba. Ka kuma tuna yara ne abin ya fi ci, domin hanjin yaro yana tsotse dalma ninkin-ba-ninkin na babba, ƙwaƙwalwarsa kuma tana kan ginuwa. In ka fara ba ɓerayen tun daga yaye, wato kwana 21 da haihuwa, ka bari sai sun girma ka ɗiba, ka fi kusa da abin da ya faru a ƙauyukanmu fiye da wanda ya fara da manya.

Jerin aikin ranar ƙarshe ka kiyaye shi: ruwan ƙwaƙwalwa da farko, sannan jini daga zuciya, sannan ka wanke jijiyoyi da ruwan gishiri ta zuciya har abin da ke fita ya yi fari, sannan ka ciro ƙwaƙwalwa. In ba ka wanke ba, matsalar jinin nan za ta biyo ka cikin naman. Duk wannan ɓeran yana cikin barcin da ba zai farka ba. Ka riƙa ɗiba a lokaci ɗaya na yini, kana cakuɗa rukunan, kada ka gama da marasa dalma da safe hannunka na da ƙarfi, ka bar masu dalma sai la'asar ka gaji.

Dabbar nan amana ce a hannunka, addininmu ya hore mu da kyautatawa ko a wajen yanka. Ka samu amincewar kwamitin kula da haƙƙin dabbobin gwaji na makarantarku kafin komai. Koyon hannu kuma a gawa ake yi: ka roƙi gawarwakin ɓerayen da wasu suka gama aiki da su, ka buɗe ƙeya ka ga wurin, ka zuba ɗan shuɗin ruwa ta allurarka, ka tsaga ka duba inda ya sauka. Sai shuɗin ya riƙa sauka a kogon a jere sannan ka matsa ga mai rai, a gaban wanda ya iya. In tsarinka ya tilasta wani ɓera ya farka bayan ɗiba, kada ka wuce maikirolita 50 ko kusa da haka, ka ba shi maganin ciwo irin meloksikam miligiram 1 zuwa 2 a kilo, da ruwan gishiri mai ɗumi a ƙarƙashin fata, ka bar shi ya huta mako guda kafin a sake. Wanda ya farka yana zagaye wuri ɗaya, ko kansa ya karkace, ko ƙafa ta mutu, an taɓa gindin ƙwaƙwalwa, jinƙai shi ne a hutar da shi nan take.

Ɗakin ɓerayen ma yana cikin sakamakonka. Suna son zafi tsakanin digiri 20 zuwa 26, Gusau kuwa daga Maris zuwa Mayu tana haura 40. Ɓeran da zafi ya dama ya fi shan ruwa, tunda kuma dalmarka a ruwan take, ya sha fiye da abin da ka rubuta. Ka riƙa auna ruwan da kowane keji ya sha kullum, ka rataya ma'aunin zafi a ɗakin kana rubutawa, in da hali ka tsara gwajin ya faɗa tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Ragowar ruwan dalma da dusar katakon da suka yi fitsari a kai, a tara su a rufaffen mazubi mai alama a miƙa wa mai kula da sharar sinadarai, kada a zuba a kwata ko a kai bola.